Jan Zare da Farin Zare

A tashar binciken itatuwa ba wanda ke kiranta da wani suna sai Inna Mai Zare. Shekararta ashirin da biyu a wurin, kuma in ka tambayi masu ofis mene ne aikinta, sai su ce maka ban ruwa. Ba su duba da kyau ba ne. Ita ke yanko reshen itacen turare, ta tsoma gindinsa a magani, ta kafa shi a tukunyar roba, ta yi ta rainonsa har ya kai tsawon kamu biyu. Ita ta san dashen da ya kwana da ƙishi da wanda ruwa ya yi wa yawa. Masu digiri kuwa zuwa suke suna tafiya, kowa ya yi shekara ukunsa, ya rubuta ƙaton littafin da ba mai karantawa, ya kama gabansa. Ita tana nan da bokitinta da almakashinta da makullai biyu rataye a wuya.

Mijinta ne ya fara aiki a tashar, mai lambu ne. Shi ya dasa ƙatuwar bishiyar turaren da ke bayan gini, wadda duk dashen tashar daga jikinta ake yankowa, shi ya sa kowa ke ce mata uwa. Da ya rasu ya bar Inna da 'ya'ya uku, sai aka tausaya mata aka ba ta shara. Daga shara ta koma wankin tukwane a bakin famfo. Can wani tsohon malami ya lura cewa duk reshen da ta soka a gwangwani da wasa sai ya kama, nasu kuwa da ake yi da safar hannu da littafi rabi ke mutuwa. Ranar ya ce ta ajiye soso ta biyo shi.

Zaren ma labari gare shi. A shekararta ta biyu ruwa ya wanke rubutun da ke jikin tukwane sama da ɗari, ta ga wani ɗalibi, ƙato da gemunsa, ya durƙusa yana kuka wiwi, aikinsa na shekara guda ya tafi a banza. Tun daga ranar ba ta ƙara yarda da tawada ba. Su rubuta lambarsu yadda suke so, ita sai ta ɗaura zarenta a wuyan tukunya: ja ga wanda za a kai sanyi, fari ga wanda zai zauna a ɗumi. An yi mata dariya da farko. Daga baya su masu dariyar ne ke leƙa zaren kafin su yarda da rubutun hannunsu.

A 'yan shekarun nan da wata matashiyar Dakta take aiki, siririya, mai saurin tafiya, wadda ke mance cin abinci sai Inna ta yi mata faɗa. Abin da Dakta ke nema shi ne yadda turare ke jure sanyi. Ta taɓa zaunar da Inna ta yi mata bayani.

“Inna, kowane ganye yana da ƙwayoyin gado dubbai a cikinsa. Ba duka ke aiki lokaci guda ba, wasu barci suke. In sanyi ya bugi itacen, sai wasu su farka su kare shi. Ni waɗanda ke farkawar nake son ganewa.”

“To ai sai ki tambaye ni,” in ji Inna. “Mai jin sanyi ba ya ɓuya. Bakin ganyensa ke yin ja, ƙamshinsa ya ɗauke.”

“Wannan idonki ne. Su can sama takarda suke so.”

Saboda haka ɗakuna biyu ne, makulli biyu. Ɗakin ɗumi na gilashi ne, rana na shiga, ƙamshin turare har yaji yake yi a hanci. Ɗakin sanyi kuwa yana ƙarshen baranda, da ƙofa mai kaurin katifa wadda in ta rufu sai ka ji dum a ƙirjinka. Ba taga. Farar fitila, ƙugin inji, ma'auni a bango ya tsaya cak a kan huɗu. Dashe sittin a jere a kan kanta, amma ko ka sa hancinka a jikin ganye ba za ka ji ƙamshin komai ba. Inna ba ta taɓa son ɗakin nan ba, ba ta kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Takan yi sallama in za ta shiga, alhali ta san ba mutum a ciki.

Ranar yanka ita ke riƙe almakashi. Daga sanda ganye ya rabu da reshe zuwa sanda zai faɗa wani tulun ƙarfe mai hayaƙin sanyi, inda yake daskarewa nan take, bai kamata a ƙirga goma ba. Dakta ta ce in aka wuce haka, ganyen ya daina ba da labarin sanyi, ya koma ba da labarin almakashi. Inna a shida take gamawa, kuma tana alfahari da wannan fiye da yadda take nunawa.

'Ya'yanta mata biyu sun yi aure. Autanta, namiji ɗaya tilo, shekara huɗu ke nan da ya tafi wata ƙasa mai nisa, inda ya ce ruwa kan daskare a bakin famfo. Aikin jirgin kamun kifi yake. Duk ƙarshen mako sai ya kira, fuskarsa ta cika wayar, hula har gira.

“Tsohuwa, har yanzu kina saka wa itatuwa sarƙa?”

“Ungo naka, ja'iri. Su dai sun fi ka jin magana. Ka ci abinci?”

Sai wani ƙarshen mako ya zo bai kira ba. Ta ce aiki ne. Na biyu ya wuce, ta kira, wata mace ta amsa da wani yare, muryar nan ta na'ura mai maimaita magana ɗaya. Inna ta ce wa kanta ai ya taɓa gaya mata in sun yi nisa cikin teku waya ba ta shiga. A tsakanin nan ne yatsunta suka fara sanyi. Ba sanyin da ke tafiya in ka murza hannu ba, wani ne da ke zaune can cikin ƙashi, tun daga farce har wuyan hannu. Ta ɗora wa ɗakin sanyi laifi, ta ce shekaru ne suka fara karɓar bashinsu na shiga da fita. Ta sayi safar hannu ta ulu, ta ci gaba da aikinta.

Ranar wata Talata da hantsi Dakta ta kira ta ofis. Farfesa na zaune, shugaban sashen, mutum ne mai tsabta da ladabi, irin ladabin da ke sa ka ji gara a zage ka. Dakta ta juyo da fuskar kwamfuta, ta nuna wasu layuka masu hawa da sauka.

“Inna, waɗannan ganyen masu farin zare ne, na ɗakin ɗumi. Ba su taɓa shiga sanyi ba. Amma ƙwayoyin sanyinsu a farke suke, kamar na masu jan zare. Sau uku ke nan ina maimaitawa.”

“To me ya tashe su?”

Dakta ta sunkuyar da kai. Farfesa ya gyara gilashi.

“Inna, ba wanda ke zarginki da ganganci. Shekaru sun ja, ido kan gaji. Ja da fari a hannu ɗaya, tukunya ɗari da ashirin, kowa ma zai iya haɗa su.”

“Ranka ya daɗe, ban haɗa ba.”

“Na sani, na sani. Mu dai gwada. Dakta za ta yi zagaye na gaba da hannunta, ke kuma ki ɗan huta da ɗakunan na mako biyu. Akwai tukwane a bakin famfo da ke son wanki.”

Ta cire igiyar makullan daga wuyanta ta ajiye a kan tebur. Ba ta yi kuka ba, sai da ta kai bakin famfo. Shekara ashirin da biyu, ba tukunya ɗaya da ta taɓa ɓata a hannunta, yau ga ta an mayar da ita inda ta baro, da soso da omo. Abin ya ci mata rai ƙwarai. Ta rantse a zuciyarta sai ta wanke sunanta, ko da shi ne aikin ƙarshe da za ta yi a tashar.

Famfon yana bayan gini, a inuwar uwa. Daga nan ana jin duk abin da ke faruwa a ɗakin sanyi, don injinsa a jikin bangon yake, yana huro iska mai zafi waje. Mai gadi, wani dattijo mai son tsokana, yakan zago ya cika butarsa.

“Hajiya Inna, safar ulu a wannan rana? Ko ana shirin bin Auta ne?”

“Kai dai cika butarka ka ba ni wuri.”

Kwana uku da fara wanki, Dakta ta shigar da sabon dashe sittin ɗakin sanyi da tsakar rana. Inna na durƙushe tana cuɗa tukunya ta ji ƙofar ta rufu, dum. Sai kuma ta ji wani abu ya ragu a wurin, ta rasa ko mene ne. Ta ɗaga kai. Rana na nan ƙwal, injin na ƙuginsa. Ta ja numfashi, sannan ta gane. Ƙamshin ne babu. Bishiyar da tun daga bakin titi ake jin ƙamshinta, ga ta a gindinta, ba ta jin komai sai warin omo. 'Yan tsuntsayen da ke yini suna hayaniya a sama suka tashi gaba ɗaya, suka koma kan waya. Ganyen suka yi tsit, alhali iska na kaɗa tsumman da ta shanya.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta zuba ido. Bayan kwana biyu ta janyo wani reshe na ƙasa ta duba sabbin ganye. Bakinsu ya yi ja, siririn ja kamar an zana da alƙalami, irin wanda ta saba gani a kan kanta cikin ɗakin nan mara taga. Ta saki reshen, ta goge hannunta a zani.

Da aka tashi cin abincin rana ta tare Dakta a baranda.

“'Yar nan, alfarma ɗaya nake nema. Ki yanki ganyen uwa ki auna shi tare da sauran.”

“Uwa kuma? Inna, bishiyar da ke tsaye cikin wannan zafin?”

“Ki dai yanka. In ban haɗa zare ba, to ba daga hannuna abin yake ba, daga jikinsu ne. Jiki ɗaya ne fa duk. Na ɗumi, na sanyi, duk daga ita aka yanko su. An rufe 'ya'yanta a sanyi, ki ce ba ta sani ba?”

Dakta ta yi murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa tsofaffi. Amma tana jin nauyin Inna, kuma ita ma abin ya hana ta sukuni. Ta ɗauko tulu, ta miƙa wa Inna almakashi. Inna ta cire safa, ta kama, sai almakashin ya suɓuce ya faɗi. Yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Dakta ce ta yanka, ta kai tara kafin ta jefa.

Sakamako sai bayan kwana shida. Inna ta koma bakin famfo tana ƙirga kwanaki da ɗoki, har tana shirya abin da za ta gaya wa Farfesa, da ladabi irin nasa. Tana cikin wannan ƙirgar ne, rana ta huɗu, wani lissafi dabam ya faɗo mata. Kwananta tara rabonta da ɗakin sanyi. Ko bakin ƙofarsa ba ta taka ba. Yini take a waje, hannunta cikin ruwan da rana ta dafa a tanki. Amma sanyin yatsun bai ragu ba, ya ma haura, yanzu ya kai gwiwar hannu.

Ta zauna a kan bokiti. Ta yi ƙoƙarin tuna ranar da ya fara. Ba ta sha wahala ba, don ranar tana riƙe da waya tana jiran kira, ta ji wayar na neman zamewa daga hannunta.

Ta ɗaga kai ta dubi bishiyar, da jan bakin ganyenta, a tsaye cikin rana ba ƙamshi. Maganganun da ta yi wa Dakta da bakinta suka dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka shigo da gawar mijinta. Ta zaro wayar ta kira. Matar nan ta na'ura ta amsa da yarenta. Ta sake kira, ta sake, har mai gadi ya zago da butarsa, ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskarta, ya juya ba tare da ya ɗebi ruwan ba.

Kwana biyun da suka rage, Inna ta yi su tana roƙon abin da ba ta taɓa zaton za ta roƙa ba. Allah Ya sa ita ta haɗa zaren. Allah Ya sa idonta ne ya mutu, hannunta ya tsufa, Farfesa ya yi gaskiya. Ta zauna tana lalubo ranar da wataƙila ta ɗaura fari a inda ja ya kamata, ta bi tukwanen ɗaya ɗaya a cikin kanta. Ba ta samu ba. Aikinta ba shi da aibi, kuma karo na farko a rayuwarta ta ji haushin hakan.

Rana ta shida, wajen sha biyu, ta ji takun Dakta da gudu-gudu. Ta zago bayan gini, takarda a hannu ɗaya, igiyar makullai a ɗayan, fuskarta kamar an yi mata albishir.

“Inna! Ba ke ba ce! Wallahi ba ke ba ce. Ni na dasa, ni na ɗaura, ni na yanka, kuma na ɗumin sun sake farkawa. Uwar kuma,” ta saci kallon bishiyar, “uwar ta fi su duka. Kamar wadda ta kwana cikin ƙanƙara. Farfesa ya ce wataƙila wani abu ne ke bi ta iska, ko ta bututu, za mu bincika. Ya ce a ba ki haƙuri, zai zo da kansa.”

Inna ba ta miƙe ba.

“Ki sake dubawa.”

“Sau biyu na duba.”

“Ki duba na uku. Ni ce na haɗa su, 'yar nan. Na tsufa, ba na gani sosai. Ki je ki gaya masa na amsa laifina.”

“Haba Inna, wace irin magana ce wannan? Ke da ko ɗakin ba ki shiga ba? Ungo makullanki.”

Ta kamo hannun Inna za ta danƙa mata, sai ta ji shi kamar ƙanƙara, ta yi ƙara ta saki. Makullan suka faɗi cikin kumfa. Ta dubi tafin hannunta, ta dubi Inna, ta dubi ranar da ke dukan su su biyun.

“Inna, hannunki... tun yaushe?”

“Tun ranar da Auta bai kira ba.”

Karatun Dakta mai yawa ne, kuma yarinya ce mai gaskiya, ba ta iya faɗin abin da ba ta auna ba. Ta ce a je asibiti, jini ne wataƙila ba ya gudu sosai, hakan na faruwa. Inna ta gyaɗa kai kamar ta yarda. Injin na ta ƙugi a jikin bango.

“Dakta, in tambaye ki. Kin ce sanyin 'ya'yan ya iso wurin uwar.”

“Haka takardar ta nuna. Ban san ta yaya ba.”

“To in aka ɗumama uwar fa? Su na cikin ɗakin, ɗumin yana isa gare su?”

Idon Dakta ya kawo ruwa.

“Ban sani ba, Inna. Ba mu taɓa aunawa ba.”

Inna ta dafa gwiwa ta miƙe. Ba ta ɗauki makullan ba. Ta taka zuwa jikin bango, inda injin ɗakin sanyi ke huro iskar nan mai zafi da ko kare ba ya kwanciya kusa da ita. Ta naɗe hannun riga har kafaɗa, ta miƙa hannuwanta biyu cikin iskar, ta buɗe yatsun iyakar yadda za su buɗu.

“Inna, zai ƙona ki.”

“Je ki ci abinci,” in ji ta, ba ta waiwayo ba. “Yaron nan tun yana ƙarami ba ya jure sanyi.”

Aka tashi daga aiki, masu ofis suka wuce ɗaya bayan ɗaya da jakunkunansu, tana nan tsaye. Fatar hannun ta yi ja, gumi ya jiƙa mata riga. Da mai gadi ya zo rufe ƙofar baya, ya tsaya daga nesa, ya tambaye ta a hankali ko sun fara ɗumi.

Ta ce tukuna, ta ƙara matsawa kusa.